Tarihin Ƙwallon Ƙarau Mai Tara Haske

Kajiji gari ne a ƙasar Shagari, kudu maso yamma da birnin Sakkwato, a bisa babbar hanyar nan da ta bi ta Boɗinga da Shagari ta nufi Tambuwal da Jega. Akwai waɗansu abubuwa biyu da mutumin wannan wuri ya saba gani, har ya daina mamakinsu. Na fari, idan manomi ya yi sammako da damina, rana ta ɓullo ta bayansa, inuwarsa ta miƙe a kan ciyawa mai raɓa, ya kan ga wani farin haske ya kewaye inuwar kansa. In ya dubi inuwar abokin tafiyarsa ba ya ganin kome, shi ma abokin nasa kaɗai ya ke gani. Na biyu kuwa da dare ne. Da fitilar mota ta faɗa a kan farin fentin hanya, ko a kan rigar ma'aikacin hanya, sai abin ya ɗau ƙyalli kamar an kunna masa wuta daga ciki, alhali kuwa ba shi da lagwani, ba shi da batir.

Waɗannan abubuwa biyu asalinsu ɗaya ne. Duk abin da ya ke mulmulalle, garau, wanda haske ke iya ratsawa, ko ɗigon ruwa ne ko ƙwayar ƙarau, watau gilashi, ya kan tattara hasken da ya shige shi ya tara shi a wuri guda a bayansa. Sanin haka tsohon abu ne ƙwarai. Abin da ya ba masana wuya shekara da shekaru shi ne tambaya guda: a daidai ina ne hasken ya ke taruwa? Gama kusan dukan amfanin da aka samu daga wannan abu ya rataya ne a kan nisan da ke tsakanin bayan ƙwallon da matattarar hasken.

Kafin a shiga labarin, ya kamata a san dalilin taruwar. Haske yana tafiyar mil 186,000 a daƙiƙa guda in yana cikin sarari. In ya shiga ruwa sai saurinsa ya ragu ya koma kashi uku cikin huɗu, a cikin ƙarau kuwa kashi biyu cikin uku. Misalinsa kamar amalanke ce da ta sauka daga kwalta ta shiga rairayi a karkace. Ƙafar da ta riga shiga rairayin ita za ta fara nauyi, ɗaya ƙafar kuwa tana nan da saurinta, saboda haka amalanken ta juya. Haka haske ya ke karyewa in ya shiga ruwa a karkace, shi ya sa a kan ga sanda kamar ta karye in an tsoma rabinta a tafki. To, jikin ƙwallo ko'ina a lanƙwashe ya ke. Hasken da ya bi ta tsakiyarsa sak ya ke wucewa, wanda ya faɗa a gefe kuwa sai ya karye ya nufi ciki, in zai fita ta baya ya sāke karyewa, har duka su gamu. Masana suna da awo na ƙarfin wannan karyewa, watau sau nawa abin ya rage wa haske sauri. Awon ruwa 1.33 ne, na ƙarau irin na kwalba wajen 1.5. A riƙe waɗannan lambobi, za a dawo gare su.

Rumawan dā sun lura da abin tun ƙarni na farko bayan haihuwar Annabi Isa. Wani malaminsu mai suna Seneca ya rubuta cewa ƙananan haruffa su kan yi girma in an dube su ta cikin mulmulalliyar kwalba cike da ruwa. Wani kuma, Pliny, wanda ya mutu a shekara ta 79, ya ce irin wannan kwalba in an ajiye ta a rana ta kan ƙone tufa, kuma likitocin zamaninsa su kan yi wa majiyyaci lalas da ƙwallon dutse mai garau maimakon ƙarfe. Sun gani, sun yi mamakin yadda ruwa mai kashe wuta zai haifi wuta, amma ba su kai ga lissafinsa ba.

Lissafin sai a hannun malaman Musulmi ya fara tsayuwa. A Bagadaza, wajen shekarar 984, Abu Sa'ad ɗan Sahlu ya wallafa littafi a kan madubai masu ƙonawa, a ciki ya zana ƙa'idar da haske ke bi in zai karye. Littafin ya ɓace wa duniya, ganyayensa suka rabu, waɗansu a Dimashƙa waɗansu a Tehran, har aka daɗe ana jingina ƙa'idar ga wani Bature na ƙasar Holan mai suna Snell, wanda ya gano ta a 1621. Sai a 1990 wani masanin Misira, Rushdi Rashid, ya bayyana wa duniya aikin, bayan ya harhaɗa ganyayen.

Amma jigon wannan labari shi ne Alhasan ɗan Haisam. An haife shi a Basra wajen 965, ya rasu a Alƙahira wajen 1040. Ana ba da labari cewa ya yi wa Sarkin Misira Alhakim alkawarin tsare ambaliyar kogin Nilu, da ya je ya ga aikin ya fi ƙarfin mutanen zamanin, sai ya yi haukan ƙarya don ya tsira da kansa, aka tsare shi a gida. Babban littafinsa a kan gani da haske shi ne Kitabul Manaziri. Ban da shi kuma ya rubuta wata 'yar maƙala a kan ƙwallo mai ƙonawa, ita ce ta shafi wannan magana. Ya zana da'ira, ya bi zaren haske ɗaya ɗaya tun shigarsa har fitarsa, ya fitar da abubuwa biyu. Ɗaya, hasken ba a ɗigo guda tak ya ke haɗuwa ba. Wanda ya shiga ta kusa da gefe ya kan gamu kurkusa da bayan ƙwallon, wanda ya shiga ta kusa da tsakiya kuwa sai ya ɗan yi nisa kafin ya gamu, saboda haka matattarar ta zama kamar ɗan gajeren tsinke. Na biyu, ya iyakance tsawon tsinken: ƙunar ba ta wuce rubu'in faɗin ƙwallon ba, in an auna daga bayansa. Watau ƙwallon ƙarau mai faɗin inci 4, wutarsa tana cikin inci guda ne daga jikinsa. Masu lissafi na yanzu, da dukan kayan aikinsu, in sun auna ƙarau mai awo 1.5, rubu'in nan su ke samu. In ƙwallon na ruwa ne, da ya ke ruwa bai kai ƙarau ƙarfin karya haske ba, matattarar ta kan ja baya ta kai rabin faɗinsa.

Kayan aikin da Alhasan ya yi wannan lissafi da shi shi ne ilmin handasa na Iƙlidisu, mutumin Yunan, kuma wannan ilmi ba baƙo ba ne a ƙasar Sakkwato. Sifawa, inda Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna yana karantarwa kafin ya koma Sakkwato a 1815, tana nan kusa da Boɗinga. Sa'ad da Baturen nan Clapperton, wanda a ke kira Abdullahi, ya iso wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a 1824, ya nuna masa taswirar sama da wani abin awo da mutane suka sa wa suna madubin rana, ya tarar Bello ya san buruji da taurari masu yawa da sunayensu na Larabci. Da ya komo a tafiyarsa ta biyu, cikin tsarabarsa har da littafin Iƙlidisu da Larabci. Bello ya yi murna ƙwarai, ya gaya masa cewa dā suna da littafin, wani ɗan'uwansu ya samo shi a Makka, gobara ta cinye shi.

Maƙalar Alhasan ta yi kusan shekara 300 kafin ta sami magaji. A farkon ƙarni na 14, a birnin Tabriz na ƙasar Farisa, Kamaluddini Alfarisi ya yi mata sharhi, sa'an nan ya yi wata dabara. Ya ce ɗigon ruwan sama ai ƙwallo ne, ƙanƙantarsa ce kawai ta hana a bincike shi, saboda haka sai a yi babbansa. Ya cika mulmulalliyar kwalba da ruwa, ya shiga da ita ɗaki mai duhu, ya bar ƙofa ƙanƙanuwa inda hasken rana zai shigo ya faɗa mata. Nan ya ga ba dukan hasken ke fita ta baya ba. Wani kashi ya kan bugi bangon baya daga ciki ya komo, ya fita ta gaba ya rarrabu launi launi. Wannan shi ne asalin bakan gizo. Ya kuma gane cewa bakan nan na biyu mai dushi-dushi, wanda launukansa ke juye, na hasken da ya bugi bango sau biyu ne. Abin mamaki, a waɗannan shekaru wani malamin Kirista a Jamus, Theodoric, ya yi gwaji irin wannan ya sami amsa iri ɗaya, ba kuwa wanda ya san da wani. A 1637 Descartes, mutumin Faransa, ya ƙididdige kusurwar bakan, digiri 42. Tun da hasken komowa ya ke yi, dole rana ta kasance a bayan mai kallo, shi ya sa bakan gizon la'asar kullum a gabas ya ke tsayawa.

Hasken nan da ke kewaye inuwar kan manomi ɗan'uwan wannan ne, amma hanyarsa dabam. Ciyawa da yawa suna da gashi-gashi, raɓa kuwa a kan gashin ta ke zama, ba ta taɓa ganyen ba. Ratar da ke tsakani ta kan zo kusa da matattarar ɗigon, sai hasken rana ya taru a kan ganyen ya haskaka wurin ƙwarai, ya komo ta cikin ɗigon ya nufi inda ya fito, watau wajen rana. Idon da ke kan wannan hanya shi kaɗai zai gan shi, wurin kuwa shi ne kewayen inuwar kan mai kallo. Wani shahararren maƙerin zinariya na Italiya, Cellini, wanda ya yi zamani a ƙarni na 16, ya ga abin a kan inuwarsa bayan ya fito daga kurkuku, ya rubuta a tarihin kansa cewa wata baiwa ce aka keɓe shi da ita. Da ya tambayi bawan da ke biye da shi abin da ya ke gani a tasa inuwar, da ya rage alfahari.

Daga nan sai labarin ya juya wajen ƙanƙanta. Gwargwadon ƙanƙantar ƙwallo, gwargwadon kusancin matattararsa, gwargwadon kuma yadda ya ke girmama abin da aka duba ta cikinsa. Robert Hooke na Ingila ya bayyana a littafinsa na 1665 yadda a ke jan ƙarau a wuta ya zama zare, a narkar da bakin zaren ya dunƙule ya zama ƙwaya. Wanda ya ci moriyar abin sosai kuwa ba malamin jami'a ba ne. Antoni Leeuwenhoek ɗan tireda ne mai sayar da yadi a garin Delft na ƙasar Holan, kuma ma'aikacin hukumar gari, mai kula da zauren mahukunta. Bai san Latin ba, harshen malaman Turai na lokacin. Ya riƙa ɗaure 'yar ƙwayar ƙarau tsakanin faranti biyu na tagulla, ya kafa abin da zai duba a bakin tsinke dab da ita, ya manna idonsa. A 1674 ya duba ruwan wani tafki ya ga ƙananan halittu suna iyo, a 1676 ya ga waɗanda suka fi su ƙanƙanta, irin waɗanda daga baya aka gane cikinsu akwai masu kawo cuta. Mafi ƙarfin madubansa da suka rage yana girmama abu wajen sau 270. Har ya mutu a 1723 bai gaya wa kowa yadda ya ke yin mafi kyawunsu ba. Sai a 2021 masana a Delft suka leƙa cikin wannan madubi da wata na'ura ba tare da sun ɓalle shi ba, suka tarar ƙwallo ne da ɗan guntun wutsiya, alamar zaren da aka narkar. Ashe dabarar Hooke ce ya ƙware a kanta ya yi shiru.

A wannan yanki ma an san narkar da ƙarau tun da daɗewa. An haƙo shaidar cewa mutanen Ile-Ife suna yin ƙarau na kansu tun wajen ƙarni na 11, Masaga na Bida kuma sun shahara da duwatsun wuya da awarwaro, fatake suna kai su kasuwannin Hausa. Sai dai abin da a ke so ga dutsen ado launi ne, a kuma huda shi a zura zare, launi da huda kuwa su ne ke ɓata tafiyar haske.

Ƙwallo mai ƙonawa ya sami aiki a 1853, sa'ad da John Francis Campbell, mutumin Sikotilan, ya mai da shi ma'aunin hasken rana, Stokes kuma ya gyara shi a 1879. Ƙwallon ƙarau ne mai faɗin inci 4, an kafa shi a fili, a bayansa an lanƙwasa wata takarda mai alamun sa'o'i, nisanta da shi wajen inci guda, daidai rubu'in da Alhasan ya faɗa. Rana na tafiya, ɗigon wutar na bin takardar yana ƙona layi. In girgije ya rufe rana sai layin ya yanke. Da maraice ma'aikaci ya zare takardar ya auna tsawon ƙunar, ya rubuta sa'o'in da rana ta yi a buɗe. An kafa irinsa a tashoshin duban yanayi na ƙasashe da yawa, har da Nijeriya. Akawu ne, sai dai in hazo ya yi kauri hannunsa ya kan yi rauni.

Akwai wata magana da masu lambu na ƙasashe da yawa su ke yi, wai in an yi ban ruwa da tsakar rana ɗigon da ya zauna a kan ganye zai tara haske ya ƙone shi. A 2010 Gábor Horváth da abokansa a birnin Budapest suka bayyana gwajin da suka yi. Da suka zuba ƙwayoyin ƙarau a kan ganye, ya ƙone ƙwarai. Ɗigon ruwa a kan ganye mai santsi kuwa bai yi kome ba, domin ya kan baje, matattararsa ta faɗa can ƙarƙashin ganyen, ga shi kuma yana sanyaya wurin har ya bushe. Sai a kan wani tsiron ruwa mai gashi, wanda ke ɗaga ɗigon sama, suka ga tabon ƙuna. Mai albasa da ke ban ruwa safe da yamma yana da hujjarsa, gama rana tana shanye ruwan tsakar rana, amma ba tsoron ƙuna ba ne hujjar.

Ƙyallin hanya kuwa, an koyi aikin raɓa ne aka kyautata shi. In aka ƙara wa ƙarau awo, matattararsa ta kan matso kusa, in awon ya kai 2 sai ta zauna daidai a kan bangon bayan ƙwallon. Saboda haka a ke yin ƙwayoyi masu awo wajen 1.9, ƙanana kamar gari, a shafa wa bayansu abu mai ƙyalli. Hasken fitila ya shiga, ya taru a bangon baya, ya komo ta hanyar da ya zo, ya faɗa idon direban da ke zaune a bayan fitilar. Wanda ke tsaye a gefen hanya ba ya ganin wannan ƙyalli, kamar dai abokin manomin nan. Kamfanin 3M na Amurka ya fara kafa allon hanya irin wannan a birnin Minneapolis a 1939. Daga baya alluna da yawa sun koma ga waɗansu ƙananan ƙarau masu kusurwa, amma fentin hanya har yanzu ƙwayoyi a ke barbaɗa masa tun yana ɗanye. Aibinsa guda, in ruwan sama ya lulluɓe ƙwayoyin, karyewar hasken ta kan ragu, matattarar ta gusa, layin ya dushe a daren da aka fi bukatarsa.

Saura tambaya ta ƙarshe: in ƙwallon ya yi ta ƙanƙancewa fa? Haske tafiyar igiyar ruwa ya ke yi, tsawon kowace igiya tsakanin nanomita 400 da 700, nanomita kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita. A 1873 Ernst Abbe na Jamus ya nuna cewa madubin likita, kome kyaunsa, ba zai rarrabe abubuwa biyu da ratarsu ta gaza wajen nanomita 200 ba. Ƙwayoyin cuta da yawa, irin waɗanda a ke kira bairos, ba su kai haka ba. In faɗin ƙwallo bai wuce 'yan igiyoyi kaɗan ba, zanen zare ɗaya ɗaya irin na Alhasan ba ya isa, sai an lissafta yadda igiyoyin ke haɗuwa, waɗansu su ƙarfafa juna waɗansu su kashe juna. Gustav Mie, shi ma Bajamushe, ya tsara wannan lissafi a 1908, amma nauyinsa ya sa sai da kwamfuta ta zo aka ci amfaninsa sosai. A 2004 Chen da Taflove da Backman na Jami'ar Northwestern a Amurka suka nuna cewa a bayan irin wannan ƙanƙanen abu wani siririn tsinken haske mai ƙarfi ya kan fito, manne da jikinsa, kaurinsa bai kai tsawon igiya guda ba. Da 'yan sandunan ƙarau suka fara lissafin, a shekara mai biye aka yi na ƙwallo. Sharaɗinsa kuwa tsohon sharaɗin nan ne: awon kada ya kai 2, in ya wuce hasken a cikin ƙwallon zai taru, ba abin da zai fito.

A 2011 Zengbo Wang da abokansa a Jami'ar Manchester suka zuba ƙwayoyi masu faɗin kashi 2 zuwa 9 cikin dubu na milimita a kan abin da za su duba, suka leƙa ta cikinsu da madubin likita na kullum, suka ba da labarin sun rarrabe abubuwa masu nanomita 50. Masana sun yi ta gardama a kan iyakar abin da a ke gani da dalilinsa. Abin da ba a gardama a kansa shi ne dole ƙwayar ta zauna a jikin abin, kuma filin da ta ke nunawa ɗan mitsitsi ne.

Madubin Leeuwenhoek ma ya komo. A 2014 Manu Prakash na Jami'ar Stanford ya fito da madubin likita na takarda, a naɗe shi kamar laya, idonsa ƙwayar ƙarau guda, kuɗin kayansa bai kai dala ɗaya ba. Sunansa Foldscope. An gwada shi a Gana wajen neman ƙwan tsargiya a cikin fitsari, cutar nan da ta saba kama yara masu wanka a tafki da fadama, aka bayyana sakamakon a 2015. Wanda ba shi da cutar, da wuya madubin ya ce yana da ita. Amma cikin waɗanda babban madubin asibiti ya tabbatar suna ɗauke da ita, kaɗan fiye da rabi ya gano.